Kafin a sayi gida a Jidda, a fara neman makarantar yara

Tun bayan rusau ɗin da aka fara a Jidda a ƙarshen shekarar 2021, babu zancen da ya fi yawa a bakin Hausawan garin nan kamar zancen muhalli. Unguwannin da kakanninmu suka sauka cikinsu, irin su Sabil da Kandara da Hindawiyya da Gulail da Karantina, ko dai sun tafi gaba ɗaya ko kuma an ci yanki mai girma daga cikinsu, jama'ar da a da ake haɗuwa da ita a masallaci ɗaya kuwa ta warwatsu tsakanin arewa da kudu da gabashin gari. Wanda ya karɓi diyya yana neman inda zai zuba ta kafin ta narke a kuɗin haya, wanda yake da albashi kuma yana duba ko banki zai ba shi abin da zai isa. Abin da na lura da shi a irin wannan hira shi ne, kusan kowa da farashin mita da yawan ɗakuna yake farawa, sai an riga an ba da kafin alƙalami sannan a tuna cewa yara za su je makaranta ranar Lahadi da safe. Ni a ganina an kife lissafin ne, domin ga mai 'ya'ya ƙanana makaranta ce ya kamata ta zaɓi unguwa, unguwar kuma ta zaɓi gidan.

Da muka fara namu neman, wani ɗan baffana da ke zaune a Amurka ya ba ni shawara cewa in kwatanta harajin unguwannin kafin in yanke hukunci. Shawararsa daidai ce a inda yake. A can, mai gida yana biyan haraji kowace shekara gwargwadon darajar gidansa, adadin ya bambanta daga wannan gunduma zuwa waccan, kuma kaso mai tsoka na kuɗin makarantun gwamnati daga wannan harajin yake fitowa, saboda haka unguwa mai haraji mai nauyi sau da yawa ita ce mai makaranta mai kyau, mai saye kuma dole ya auna ɗaya da ɗaya. A Saudiyya tsarin ba haka yake ba. Ba a karɓar harajin shekara-shekara a kan gidan da mutum yake zaune a ciki, ba a cire harajin kuɗin shiga daga albashi, makarantun gwamnati kuwa daga kasafin Ma'aikatar Ilimi ake ɗaukar nauyinsu, ko a Abhur suke ko a Kilo 14. Haraji a nan sau ɗaya ake biyansa, ranar ciniki, kuma kasonsa ɗaya ne a ko'ina.

Duk da haka yana da kyau a san shi da kyau, domin kuɗi ne masu yawa da ake nema a dunƙule a lokacin da aljihu ya fi kowane lokaci bushewa. A watan Janairun 2018 aka fara karɓar harajin kayan masarufi, wanda aka fi sani da VAT, a kan kashi 5 cikin 100, sannan a Yulin 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 15, kuma a wancan ɗan tsakanin ya hau kan cinikin gidaje ma. A Oktoban 2020 aka cire gidaje da filaye daga cikinsa, aka kafa harajin cinikin ƙasa da gini na kashi 5 cikin 100 na farashin da aka sayar, wanda hukumar zakka da haraji da kwastan take karɓa, kuma ba a mayar da takardar mallaka zuwa sunan mai saye sai an biya shi. Shiƙƙa, wato sashen zama na iyali ɗaya a cikin bene, idan aka yi cinikinta riyal 750,000, harajinta riyal 37,500 ke nan. A doka mai sayarwa ne ake bi wannan kuɗi, amma a kasuwa mafi yawan masu sayarwa farashi suke faɗa ban da haraji, su bar wa mai saye nauyinsa, don haka wajibi ne a tambaya tun a zaman farko, kuma a rubuta amsar a cikin yarjejeniya kafin ko riyal ɗaya ya fita daga hannu.

Ga ɗan ƙasa da yake sayen gidansa na farko, gwamnati tana ɗauke masa wannan haraji a kan riyal miliyan ɗaya na farkon farashi, idan ya fitar da shaidar gidan farko ta manhajar gidaje ta gwamnati mai suna Sakani kafin a kammala ciniki. Ta wannan ƙofar ce kaɗai haraji yake taɓa zaɓin unguwa. Wanda ya sayi shiƙƙa ƙasa da miliyan bai biya komai ba, wanda kuwa ya sayi gidan riyal 1,400,000 harajinsa 70,000 ne, gwamnati ta ɗauki 50,000, shi ya biya 20,000. Sauƙin nan na gidan farko ne kawai, kuma wannan ya sa nake ganin kuskure ne mutum ya ƙone shi a kan wata ƙaramar shiƙƙa da ya san ba za ta ɗauki iyalinsa ba nan da shekara kaɗan, don kawai ya ce shi ma ya mallaka. Bayan haraji akwai la'adar dillali, wadda aka saba da ita a kan kashi 2.5 cikin 100 idan ba a yi wata yarjejeniya dabam a rubuce ba, kuma ya kamata a nemi ganin lasisinsa na hukumar gidaje kafin a sake jiki da shi. Wanda ya sayi shiƙƙa a bene kuma zai riƙa ba da nasa kason na gyaran lif da tankin ruwa da albashin mai gadi ta ƙungiyar masu mallakar benen. Harajin filayen da aka bari babu gini, wanda aka soma a 2016 a kan kashi 2.5 kuma aka ɗaga iyakarsa zuwa kashi 10 a 2025, na masu manyan filaye ne, bai shafi irinmu kai tsaye ba.

Duk abin da na faɗa game da sauƙi, 'yan ƙasa ya shafa, alhali rabin danginmu da iƙama, wato takardar izinin zama ta waɗanda ba 'yan ƙasa ba, suke zaune, wasunsu kuwa a garin nan aka haife su, aka haifi iyayensu. Su lissafinsu dabam ne, kuma ya fi namu nauyi. Tun Yulin 2017 mai iƙama yake biyan kuɗi kowane wata a kan duk wanda ke ƙarƙashinsa, an fara da riyal 100, ana ƙara 100 duk shekara har ya tsaya a 400 a 2020. Magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu riyal 24,000 yake biya a shekara kafin a zo maganar haya ko abinci. Dokar shekarar 2000 ta ba mazaunin da ke da iƙama damar mallakar gida ɗaya na zama da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, ban da cikin Makka da Madina, sannan a Yulin 2025 aka amince da sabuwar doka da ta fara aiki a Janairun 2026, wadda ta buɗe ƙofar mallaka ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba a yankunan da hukuma ta ware, tare da ƙarin kuɗi da ake ɗora musu. Duk mai iƙamar da yake da niyyar saye, ya fara tabbatar da cewa unguwar da yake so tana cikin inda doka ta yarje masa. Abin da nake roƙon 'yan'uwana su guje masa shi ne tsohuwar al'adar nan ta sayen gida da sunan wani ɗan ƙasa, suruki ko amini, bisa amana. Amanar tana iya tsayawa muddin mutanen biyu suna raye, amma ranar da ɗayansu ya rasu, magada takarda za su duba, kotu ma ita za ta duba.

Maganar takarda kuwa rusau ya koya mana ita ta hanya mai ciwo. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwannin nan da takardar hannu aka saye su, mai sayarwa ya sa hannu, shaidu biyu suka sa, aka naɗe ta a leda aka ajiye a ƙasan akwati shekara arba'in. Da lokacin diyya ya zo, mai sakki, wato takardar mallaka ta shari'a, an biya shi kuɗin fili da na gini, wanda ba shi da shi kuwa kuɗin gini kaɗai aka ƙiyasta masa. Na san gidaje biyu da ke jingine da juna, girmansu kusan ɗaya, amma abin da iyalan biyu suka samu ko kusa bai yi daidai ba. Har yau ana tallar filaye masu sauƙin kuɗi a bayan gari ta gabas da ta kudu da irin waccan takarda, ana cewa sakki yana nan tafe. Araha ba ta ado. Yanzu da sakki ya koma na kwamfuta, ana iya tantance lambarsa da sunan mai shi da ko an jinginar da shi ga banki ta shafin Ma'aikatar Shari'a kafin a tashi daga wurin zama, saboda haka babu sauran uzuri ga wanda ya saya a makance. Haka nan wanda zai sayi gidan da ba a gama ginawa ba, ya duba ko aikin yana da lasisin sayarwa kafin gini, wanda a ƙarƙashinsa kuɗin masu saye suke shiga asusu na musamman maimakon aljihun mai ginin.

Idan takarda ta inganta, sai makaranta, kuma a nan ne kuɗin gaske yake ɓoye. Makarantar gwamnati kyauta ce tun daga ajin farko na firamare har ƙarshen sakandare, shekara shida da uku da uku, har littattafai ba a saye. Amma kyautar tana aiki ne idan akwai gurbi a makarantar da ke kusa da kai. Ana yin rajista ta tsarin Nur na Ma'aikatar Ilimi a intanet, ana neman shaidar inda kake zaune, makarantun unguwarka su ne haƙƙinka na farko, kuma 'yan ƙasa ake fara ɗauka kafin a waiwayi 'ya'yan masu iƙama. Idan makarantar unguwar ta cika, ko dai a tura yaron wata mai nisa, ko uba ya juya zuwa makarantar kuɗi. A ɗauka makarantar kuɗi matsakaiciya tana karɓar riyal 15,000 a shekara kan yaro ɗaya. Mai yara uku zai biya 45,000 a shekara guda, wato fiye da dukan harajin shiƙƙar 750,000 da muka lissafa a sama, kuma shi harajin sau ɗaya ne, wannan kuwa duk shekara yake dawowa. Yaro ɗaya a shekara 12 zai ci 180,000. Gwamnati tana ɗauke wa 'yan ƙasa VAT na kuɗin makaranta, mai iƙama kuwa yana ƙara kashi 15 a kai. Saboda haka gidan da ya fi sauƙi da riyal dubu ɗari a unguwar da ba ta da gurbin makaranta, kafin babban yaro ya gama firamare ya riga ya fi ɗan'uwansa tsada.

Wannan matsala ta fi bayyana a sababbin unguwanni, domin a garin da yake faɗaɗa da sauri gidaje ne suke riga makarantu zuwa. Dillali zai buɗe maka taswira ya nuna wani murabba'i da aka rubuta wa makaranta, kuma ba ƙarya ya yi ba, filin an ware shi, sai dai fili ba ya karantar da yaro, kuma tsakanin ware shi da buɗe ƙofar aji ana iya ɗaukar shekarun da yaronka zai gama firamare a wani wuri. A wasu wuraren kuma makarantar tana nan, amma gidan haya ne da aka mayar makaranta, ɗakunan kwana sun zama azuzuwa, babu filin da yara za su yi gudu. Akwai kuma ginin da makarantu biyu suke rabawa, ɗaya da safe ɗaya bayan azahar, abin da ya ƙaru bayan rusau da jama'a suka tururo wasu unguwanni lokaci ɗaya. Yaron da aka ba shi zangon yamma yana fita cikin tsakiyar zafin Jidda, yana dawowa dab da magariba, karatun allo na bayan la'asar a masallaci ya wuce shi, gidan kuma ya rabu gida biyu, wasu suna barci wasu suna shirin fita. Ba a rubuta wannan a tallar gida, sai an je an tambaya.

Sannan a tuna cewa makarantar maza dabam, ta mata dabam. Tun 2019 aka fara makarantun ƙananan yara inda malamai mata suke karantar da yara maza a azuzuwan farko na firamare, wanda ya rage wa wasu iyaye wahala, amma ba kowace unguwa ce take da su ba, kuma daga aji huɗu yaro zai koma wajen maza. Magidanci mai mace a firamare, namiji a matsakaiciya, wato makarantar shekara uku da ke bin firamare, wata kuma a sakandare, ƙofa uku yake da su da zai tsaya a gabansu kafin ƙarfe bakwai na safe, sannan ya kama hanyar wurin aiki. Tun da aka ba mata izinin tuƙi a Yunin 2018 gidaje da yawa sun raba wannan aikin tsakanin miji da mata, amma hakan mota ta biyu yake nufi, da inshorarta da gyaranta. Motar makaranta ta gwamnati tana da sauƙin kuɗi, riyal 200 a shekara, sai dai kujerunta ƙidayayyu ne. Don haka ba makaranta ɗaya ake dubawa ba, ana duba dukan matakan da yaran za su bi nan da shekara goma, na maza da na mata, a ga ko suna cikin da'irar da za a iya zagayawa ba tare da an hau babban titi ba.

Game da ingancin karatu, akwai alƙaluman da za su taimaka. Hukumar tantance ilimi tana wallafa jerin makarantun sakandare bisa sakamakon ɗalibansu a jarrabawar Ƙudurat da Tahsili, waɗanda su ne mabuɗin shiga jami'a irin ta Sarki Abdul'aziz, kuma tana gudanar da jarrabawar ƙasa ta Nafis a firamare da matsakaiciya. Na duba su, kuma ina ba kowa shawarar ya duba. Amma abin da ya fi gamsar da ni shi ne tsayawa a ƙofar makaranta lokacin tashi. A wata firamaren mata da muka je, mai gadi dattijo ne da lasifika a hannu, yana zaune a kan kujerar roba a ƙarƙashin rumfa, kowane uba ya zo ya faɗa masa suna, shi kuma ya kira, yarinya ta fito da jakarta tana ja, kuma ba ya barin ko ɗaya ta ƙetare ƙofar sai ya ɗaga kai ya ga wanda ya zo ɗaukarta. A wata ta maza kuwa, a unguwa mai sababbin gine-gine masu kyan gani, an buɗe ƙofa ne kawai yara suka kwararo kan titi tsakanin motocin da suka yi sahu uku, babu malami ko ɗaya a waje. Iyayen da ke jira a inuwa su ma ba sa ɓoye komai idan aka yi musu sallama aka tambaya: yara nawa ne a aji, ko malamin lissafi ya kai ƙarshen shekara, ko na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a watan Satumba. Maiɗakina ta shiga ta mata ta gana da shugabar, ta fito da bayanin da ni ba zan taɓa samu daga waje ba. Wanda yake son makarantar haddar Alƙur'ani ta gwamnati kuma ya sani cewa ba su da yawa kamar sauran, neman gurbi a cikinsu ya fi tsanani.

Da wannan ma'auni muka duba ɓangarori uku na gari. Jidda doguwa ce, ta miƙe a gefen Bahar Maliya daga kudu zuwa arewa, kuma mafi yawan sabon gini arewa ya nufa, wajen Hamdaniyya da Abhur ta Arewa da manyan rukunin gidajen da ake ginawa bayan filin jirgin sama. A can da kuɗin shiƙƙar tsakiyar gari mutum zai iya samun wuri mai faɗi, wani lokaci har da ɗan tsakar gida da rufin da yara za su hau, tituna sababbi ne, kuma ga mai aiki a filin jirgi ko a Jami'ar Jidda da ke Usfan babu inda ya fi masa. Ga mai aiki a tashar jiragen ruwa ko a Balad, wato tsohon gari, kuwa, babban titin Haramaini ne zai zama gidansa na biyu safe da yamma. Kuɗin mai ba shi ne abin damuwa ba, tunda lita ɗaya ta 91 tana kan riyal 2.18 tun 2021. Abin da ake asara shi ne sa'o'in da uba zai yi yana duba littafin ɗansa. Kudu, wajen Sanabil da Ajawid da Amir Fawwaz, ta fi sauƙin farashi, tana kusa da hanyar Makka da unguwar masana'antu, kuma danginmu da yawa can suka koma, amma daidai wannan tururuwar ce ta cika azuzuwa. Tsakiya, irin su Safa da Marwa, gine-ginenta sun kwana biyu, wurin ajiye mota yana wahala, mita kuma ta fi tsada, sai dai makarantunta sun daɗe da kafuwa, na kowane mataki, kuma an san halin kowace.

Akwai abu biyu da ɗan Jidda ba ya mantawa da su idan zai sayi gida, ruwan sama da ruwan famfo. Ranar 25 ga Nuwamban 2009, wadda ta zo daidai da ranar da alhazai suke fita Mina, ambaliya ta sauko daga kwaruruwan gabas ta afka wa Ƙuwaiza da unguwannin da ke kewayenta, mutum fiye da 100 suka rasu. Ta sake dawowa a Janairun 2011, sannan a Nuwamban 2022 aka yi ruwan da ya tsayar da gari cak. An gina madatsun ruwa da manyan magudanai tun daga lokacin, kuma sun yi amfani, amma har yanzu kafin a sayi gida a gabashin titin Haramaini ko a kowane wuri mai gangare, ya kamata a tambayi mai kantin da ke kan kwana inda ruwa ya tsaya a 2022, a kuma duba gindin katangar maƙwabta, domin ruwa yana barin alamarsa. Ta ɓangaren famfo kuwa, a tambaya ko gidan yana haɗe da bututun ruwa da na magudanar ƙazanta, ko kuwa da tankar ruwa ake cika tanki, a kira wata motar ta zuƙe sokawe. Wannan kuɗi ne na kowane wata da ba ya cikin takardar banki. A unguwannin da ke kusa da teku kuma ƙasa tana da gishiri, ruwan ƙarƙashinta yana kusa, saboda haka kuɗin injiniyan da zai duba harsashi da rufi da wayoyin wuta kafin ciniki bai kamata a yi ƙyashinsa ba.

Abu na ƙarshe da ya shiga lissafinmu ba shi da farashi a kasuwa. Da na kai wa mahaifiyata hotunan wani gida a arewa, mai faɗi, da ɗakin da na ce nata ne a ƙasa don kada ta sha wahalar matakala, ta duba su a natse sannan ta ce, "Gida ya yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma idan aka yi rasuwa a gidan Yaya, wa zai kai ni kafin a ɗauki gawa?" Na ce, "Hajiya, ai ga mota." Ta ce, "Motar tana wurin aiki tare da kai." A tsohuwar unguwa da ƙafa take zuwa suna da ta'aziyya da dubiya, jikokinta kuma a tsakar gidajen nan suka tsinci Hausar da suke yi, domin makaranta da titi da waya duk Larabci ne. Yaron da ba ya jin Hausa sai daga bakin iyayensa biyu, yana fahimta amma da Larabci yake amsawa, nasa 'ya'yan kuwa ko fahimtar ba lallai su samu ba. Ba na cewa mu sake cunkushewa wuri ɗaya kamar da, domin waɗancan lungunan suna da nasu illolin da duk muka sani. Amma nisan da zai hana yaro zuwa gidan gwaggonsa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, nisa ne da ya cancanci a sa shi a ma'auni tare da kuɗin makaranta.

A ƙarshe shiƙƙa muka saya a tsakiyar gari, a bene mai 'yan shekaru, farashinta ƙasa da miliyan, don haka haraji bai hau kanmu ba. Mun ba da kashi 10 cikin 100 daga aljihu, banki ya biya sauran bisa murabaha, wato ya saya ya sayar mana da ribarsa mu biya a hankali, kuma na ƙi karɓar iyakar abin da bankin ya ce albashina zai iya ɗauka, domin bashin shekara ashirin yana buƙatar a bar masa sarari saboda ranar da abubuwa za su canza. Mun rasa tsakar gida, ɗakin baƙi ƙarami ne, idan dangi suka taru maza sai sun gangara masallaci su ba mata wuri, kuma ina jin wannan rashin duk ranar Salla. Firamaren 'yan matan tana bayan layinmu, makarantar babban yaron kuma da ƙafa yake zuwa tare da 'ya'yan maƙwabta, gidan yayar Hajiya kuwa tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba ce.

Ƙanena, wanda bai daɗe da aure ba kuma aikinsa a filin jirgi yake, ya nemi shawarata, ban ce ya bi sawuna ba. Shi yana da shekara shida ko fiye kafin ya tsaya a ƙofar firamare, kuma a wannan tsakanin da yawa daga filayen da aka ware a arewa za su iya zama makarantu, saboda haka faɗin wuri da kusancin aiki sun fi masa amfani a yanzu. Abin da na nanata masa shi ne ya tantance sakki da kansa, ya fitar da shaidar gidan farko kafin ya zauna da mai sayarwa, kuma ya zaɓi layin da aƙalla makaranta ɗaya ta gwamnati ta riga ta buɗe a kusa da shi, mai ɗalibai a ciki, domin inda aka buɗe ta firamare a nan ake sa ran ta matsakaiciya za ta biyo baya.